Hantsin Ntate Phallang

Duk wanda ya zauna a layinmu na Philippi, a gefen birnin Cape Town, ya san kujerar nan. Ta roba ce, fara ce a da, ƙafarta ɗaya an ɗaure ta da waya. Shekara ashirin da biyu tana yawo a tsakar gidan Ntate Phallang, daga bakin famfo zuwa jikin bango, daga can zuwa gefen banɗaki, duk inda rana ta ga damar sauka. Ni ce maƙwabciyarsa, Nozibele mai fanke a bakin tasha, kuma katangar da ta raba mu ko ƙirjina ba ta kai ba. Saboda haka kada wani ya ce mini ban san abin da nake faɗa ba.

Mutumin Lesotho ne, inda ake ce wa baba Ntate, daga can ƙololuwar duwatsun Mokhotlong. Da ƙuruciya ya yi shekara tara a ramin haƙar zinariya, ya fito da wani ɗan tari da bai ɗauka a bakin komai ba, ya koma gida ya kama sana'ar ubansa ta baibayar ɗaki. Dogo ne, siriri, ba ya son hayaniya. In yana magana sai ka matso. Amma taurin kai? Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na yi aure sau biyu.

A watan Fabrairu suka iso Cape Town, ana tsakiyar zafi, shi da matarsa Manthati da 'yarsu Nthati mai shekara shida. Suka sayi ɗakin kwanon da ke jikin nawa. Rufin ya ga duniya, katakon duk ya ruɓe. Da na ji sana'arsa sai na ce, "Ntate, tunda aikinka ne, ka gyara rufin nan yanzu mana."

Ya dube ni da tausayi, ya kira ni Ausi, wato 'yar'uwa da yarensu. Ya ce, "Ausi, wa yake buɗe ɗaki a Fabrairu? Sai Yuni, in sama ta bushe."

Na ɗauka wasa yake yi. Na yi dariya, shi ma ya yi dariya, ashe kowa da abin da yake yi wa dariya. Ni haifaffiyar unguwar Langa ce a nan birnin, ban taɓa fita daga gaɓar tekun nan ba a lokacin. Ina zan san akwai ƙasar da ruwa ke zuwa da zafi, sanyi kuma ya zo a bushe? Shi kuma ina zai san akwai garin da ya juya abin, ruwansa a tsakiyar sanyin Yuni yake zuwa?

Yuni ya shigo, aka samu irin kwanakin nan uku na yaudara, iska mai ɗumi tana sauka daga tudu, sama garau. Na dawo daga tasha da azahar da bokitin fanke a ka, na tarar da ɗakinsu ba hula. Kwano goma sha huɗu ya jera su a ƙasa tsaf, ya cire ruɓaɓɓen katako, yana zaune a saman bango yana fito.

Na ce, "Na shiga uku! Ntate, me ka yi?"

Ya ce, "Aiki. Kwana biyar na gama."

"Kwana biyar a Yuni? Sauko ka mayar da kwanon nan tun kafin ka ja wa kanka!"

Ya nuna sama da guduma. "Ausi Nozibele, ɗaga kai ki duba. Ni da sama mun san juna tun ba a haife ki ba."

Na ce to. Na shige ɗakina na kawar da buhun fulawa, na share wurin da za su kwanta.

Washegari da hantsi babban dutsen da ke saman birnin ya ɓace cikin gajimare, iska ta juya, kafin la'asar ruwa ya kece. Kwana tara aka yi. Katifarsu ta sha ruwa har sai da maza biyu suka ɗaga ta. Garin masararsu ya zama kunu a cikin buhu. Mutanen layi suka yi ta fitowa da laima don su ga mai baibayar da ya buɗe ɗakinsa a Yuni, har yau ma in wani ya yi wauta sai a ce ya yi rufin Ntate. Shi kuwa ya tsaya a tsakar gida da bargonsa na ulu a jiƙe, yana kallon sama kamar wadda ta ci amanarsa.

Abin da ban manta ba shi ne Manthati. Na leƙo in kira ta, na gan ta tsaye a tsakiyar ɗakin da ba rufi, ta buɗe tafin hannu biyu, ruwa yana zuba a fuskarta, tana dariya har da riƙe ciki.

Na ce mata, da kalmarsu ta mama, "Mme, lafiya? Kayanki fa suna lalacewa!"

Ta ce mini, da kalmarmu ta 'yar'uwa, "Sisi, Yuni ne fa! Yuni, kuma ruwa yana gudu! Taɓa ki ji, bai daskare ba!"

A kwanakin nan tara da suka yi a ɗakina ta ba ni labarin abin da ya kawo su. Ciwon ƙirji gare ta tun tana budurwa. A garinsu, in sanyi ya kama, ruwan bokiti dutse yake kwana, sai an sa muciya an fasa. Ita ce mai fita da asuba ta hura wutar kashin shanu, hayaƙi ya cika ɗaki, hannunta ya tsattsage har jini. Shekarar da ta gabata numfashinta ya tsaya, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, mota ba ta shiga. A kan doki Ntate Phallang ya ɗauke ta, awa shida, ya ɗaure ta a bayansa da bargo. A bakin ƙaramin asibitin ya yi mata rantsuwa cewa ba za ta ƙara yin sanyi ko ɗaya a kan dutsen nan ba. Wani ɗan garinsu ya ce akwai aikin baibaya a Cape Town, a gidajen gonakin inabi, kuma can ba a ƙanƙara. Bai gaya masa sauran ba.

Sauran kuwa shi ne abin da ya cinye mutumin. A gida, sanyi shi ne lokacin aikinsa. A yanka ciyawa a bushe, a hau rufi tun raɓa tana fari, kafin hantsi ya ɗaga an tuɓe bargo. A nan kuwa masu gida ba sa barin a taɓa rufinsu daga Mayu har Satumba. Sai ya zamana wata huɗu cur ba shi da abin yi sai zama a ɗakin kwano yana jin ruwa yana dukan abin da ya kafa da hannunsa. Bango ya yi gumi. Takalmi ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. Wanki ya kwana biyar a kan igiya ya shigo da wari.

Nan kujerar ta samo asali. Da zarar gajimare ya tsage, ko yana cin abinci ne, sai ya ajiye kwano ya sungumi kujera ya bi ranar. Ya san tsakar gidan nan taku-taku. Ƙarfe goma da kwata tana bakin famfo. Sha ɗaya saura ta hau bangon da ke kallon arewa, a nan ta fi daɗewa, minti arba'in in Allah ya so. Sai ya zauna ya rufe ido, ya miƙa ƙafa, ya juya tafin hannunsa sama. In gajimare ya dawo sai ka ji tsaki ta kan katanga. Shekarar da Mzwandile mai gyaran firiji ya ɗora ɗaki a saman nasa ya tare bangon, Ntate bai yi faɗa da kowa ba. Tsani ya kafa, ya hau da kujerar saman rufi, ya zauna a can da bargo, dukan layi suna kallo.

Shi da Manthati kuwa, muhawara ɗaya suka yi shekara ashirin da biyu, kuma ni ce alƙali, ba wanda ya taɓa biya na.

Sai ya ce, "Wannan ba sanyi ba ne, ciwo ne. Sanyin gaskiya ya mare ka da safe, ka san ya mare ka, ƙarfe tara rana ta zo ta ba ka haƙuri. Wannan kuwa ba mari ba haƙuri, sai bin mutum yake yi har cikin ƙashi."

Ta ce, "Ji shi! Rana ta ba ka haƙuri kai, da kake jingine da bango da sauran maza kuna ƙirga tumakin mutane. Ni wa ya ba ni haƙuri a bakin rafi?"

"A gida, Ausi, in kin tsaya a ƙofarmu a Yuli, sai ki hango doki a dutse na uku, ki faɗi launinsa."

"In kin faɗi launin sai ki ci shi? Sisi, tambaye shi yara nawa aka binne a ƙauyenmu a Yulin da aka haifi Nthati."

"Nama ma a gida in ka rataye shi bushewa yake yi. Nan gemu yake fitarwa."

"To ka rataye kanka mu gani ko za ka bushe, tsoho."

Takan yi maganar tana zuba masa shayi, ta ƙara masa sukari cokali ɗaya a kan nata. Ita ruwan nan daɗi yake yi mata da gaske. In ana yayyafi sai ta buɗe ƙofa ta zauna a bakin gado tana saƙa, ta ce ƙirjinta ya buɗe. Ta yi ƙiba a nan, ta shiga ƙungiyar matan coci, ta samu aikin wanki da guga a wani gida a unguwar Claremont. Nthati ta girma ba ta san ƙanƙara ba sai ta cikin firiji, ta yi karatun jinya, ta yi aure a Delft.

Sukan je gida a Disamba, shekara biyu ko uku sau ɗaya, lokacin da duwatsun suke kore. Amma shi ba wannan yake nema ba. Duk Afrilu sai ya fito da babban bargonsa daga akwati, ya kakkaɓe, ya goge funfunar, ya ce, "Baɗi." Wata rana abin ya ishe ni, na ce, "Haba Ntate, kai ba ɗaure ka aka yi ba. Ka tafi kai kaɗai mana, Yuni da Yuli, ka sha ranarka ka dawo. Ni zan kula da Mme."

Ya ce, "Ausi, in na zauna a jikin bangon ubana a Yuli sau ɗaya, ba zan dawo ba. Na san kaina."

Daga ranar ban ƙara tsokanarsa a kan kujerar ba. Tausayinsa ya kama ni, don na gane mutumin da hannunsa ya rufe ƙofar, kuma kullum yana jin mabuɗin a aljihu.

Ba ƙirjin ne ya kayar da Manthati ba a ƙarshe, zuciya ce. Ƙafafunta suka fara kumbura, ta daina zuwa Claremont. Wata la'asar a Agusta, ana ruwa, na shiga kai mata romon kan rago, na tarar da shi yana matsa mata ƙafa. Ta ce, "Yawwa, Sisi, zauna. Shaida nake so."

Ta juya gare shi. "Ntate, in ta Allah ta kasance, a nan za ka binne ni."

Ya ce, "Wace irin magana ce wannan?"

"Maganar da ka ji. Kada ka kai ni dutsen nan."

"Maƙabartar nan da ruwa ke kwanciya a cikinta? Ke ba ki ga yadda ake kwashe ruwa da bokiti kafin a sa mutum ba?"

"Na gani. Ruwan nake so. Ka rantse mini ba zan ƙara sanyi ko ɗaya a can ba, ba ka ce sai ina da rai ba." Ta kama hannunsa. "Tsoro nake ji, Phallang. Na san wauta ce, gawa ba ta jin komai, faston ma ya faɗa. Amma in na tuna ƙasar nan da safe, fara fat, tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, sai in ji numfashina yana tsayawa. Ka ce ka yarda."

Ban taɓa jin ta kira sunansa gatsal ba sai ranar. Ya ce ya yarda. Ta ce ya faɗa da ƙarfi Nozibele ta ji. Ya faɗa, na ji da kunnena.

Ta rasu a ƙarshen Mayu na shekarar da ta biyo, da safe, ana yayyafi. Kafin azahar wayarsa ta fara ƙara. Yayansa ne, Ntate Sekhonyana, daga Mokhotlong. Ina tsakar gida ina fere dankali don masu zuwa gaisuwa, muryar tsohon tana fitowa tar. Yana cewa a kawo ta gida, matar gidansu ce, da shanun gidansu aka auro ta, wurinta yana nan kusa da surukarta, ba a taɓa barin tasu a yashin baƙi ba. Na tsayar da wuƙa ina jiran in ji Ntate Phallang ya ce ta bar wasiyya. Abin da na ji kawai shi ne, "To, Yaya. To. Za mu taho."

Nthati ta yi kuka ta ce Mme ta gaya mata ita ma. Ya ce mata maganar manya ce. Ni kuwa na jira har mutane suka ragu, na same shi a bayan ɗaki yana naɗe igiyoyin aikinsa.

Na ce, "Ntate, ni ce shaida."

Ya ce, "Al'ada ce, Ausi. Ba ni na yi ta ba."

"Ko musu ba ka yi ba! Kalma ɗaya ba ka faɗa ba! Kai da ka yi musu da sama kwana tara?"

"Yayana ne."

Na ce, "Kada ka raina mini hankali. Ba ita za ka kai gida ba, kanka za ka kai. Ka samu motar da za ka hau ba wanda zai ce ka gudu."

Bai ɗago ba. Kunnuwansa kawai na ga sun motsa. Can ya shiga ya fito da kujerar, ya miƙo mini ta kan katanga, ya ce, "Ki riƙe. Ba zan buƙace ta ba."

Na so in jefa masa ita a ka. Amma ga gaskiyar da ba na son faɗa: na karɓa. Da dangin suka zo ɗaukar gawa ban buɗe baki a gabansu ba. Na ce a raina ni bare ce, 'yar ƙabilar Xhosa a cikin sha'anin Basotho, mutanen Lesotho, wa zai saurare ni? Na dafa musu abinci, na soya fanke ɗari biyu na hanya, na shiga motar tare da su. Har yau abin yana cina.

Kwana ɗaya da wuni muka yi a hanya, akwatin yana cikin 'yar tirela a bayanmu. Tun daga busasshen filin Karoo gajimare ya ƙare. Da muka fara hawan duwatsun kunnena ya toshe, leɓena ya fashe. Da safen jana'iza na fita wanke fuska na tarar da ruwan baho ya zama faranti, na ɗaga shi ɗungum da hannu. Ciyawa fara fat, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, daidai yadda ta faɗa. Masu haƙa kabari sai da suka hura wuta a kan wurin tun jiya don ƙasar ta yi laushi, duk da haka diga tana tsalle. Na tsaya da riguna uku da bargon aro ina kakkarwa, ina cewa a zuci, Mme, ki yafe mini.

Sai kuma rana ta hau. Ba zan yi ƙarya ba don ina fushi da mutum: ban taɓa ganin haske irin wannan ba. Sama shuɗiya har tana sa ido hawaye. Na hango makiyayi a wani dutse can nesa, na ga jan bargonsa. Bayan an watse na zagaya bayan ɗakin dutse na ubansu, na tarar da maza biyar a jere a jikin bango, Ntate Phallang a tsakiya, ya zame bargo daga kafaɗa, ido a rufe, tafin hannu a sama. Fuskarsa ta saki. Shekara ashirin da biyu ina ganin mutumin nan kullum, ashe ban taɓa ganin fuskarsa ta ainihi ba. Na jingina da bangon ni ma, ɗumin dutsen ya ratsa bayana, na ji haushin kaina da abin ya yi mini daɗi.

Ya buɗe ido ya gan ni. Ya ce a hankali, "Kin gani, Ausi?"

Na ce, "Na gani. Na ga ƙanƙarar safe ma."

Muka dawo muka bar shi. Ɗakinsa na Philippi aka sa masa kwaɗo, Nthati ta ce za ta nemi mai haya.

Mako biyar aka yi. Sai Nthati ta zo mini tasha a rigar aikinta, ta ce an kira ta, Ntate ya faɗi. Tarin nan na ramin zinariya da ya raina, ashe yana nan yana cin huhunsa a hankali shekara da shekaru, iskar bakin teku ce ta rufa masa asiri. Can sama iska ba ta da kauri, ga sanyin asuba. Ya fara da haki in ya hau gangare, ya koma ba ya iya kaiwa bangon sai an riƙe shi, daga nan leɓensa ya yi shuɗi. Likitan da ya duba hoton ƙirjinsa bai ɓoye masa ba. Ya ce huhun da ya rage masa ba zai ɗauki tsayin nan ba, ko da zafi, balle da sanyi. In yana son ya ga baɗi, ya sauka bakin teku ya zauna kusa da asibiti. Ntate ya ce shi a bar shi ya mutu a can. Nthati ta bi shi can, ta ce ta binne uwa a Yuni, ba za ta binne uba a Yuli ba, ta sa aka ɗauke shi aka sa a mota yana zagin kowa.

Ranar da suka iso ana ruwa, wane irin ruwa ma. Layinmu ya zama rafi, sai da aka jera bulo aka taka. Na ga an fito da shi daga mota, ya rame ya zama rabin kansa, da 'yar tukunyar iska da roba a hanci. Na yi niyyar in faɗa masa magana, na ma shirya ta tun a tasha. Da na ga yadda yake kallon ƙofar ɗakin sai na fasa. Na je na ɗauko kujerar na goge ta na ajiye masa.

Shekara uku ke nan yanzu. Ba ya hawa rufi, tsani ma Mzwandile ya are shi bai dawo da shi ba. Ba zai iya zuwa Mokhotlong ba ko na kwana ɗaya, ko kabarin bai ƙara gani ba. Duk ƙarshen Afrilu yakan sa Nthati ta kai shi kanti a Wynberg ya zaɓi bargo, mai kauri, ba ya yarda da mai araha. Ya naɗe shi da kansa cikin leda, ya kai wa direban motar Lesotho, ya ce a ba ɗan yayansa ya shimfiɗa a kan kabarin, ya danne gefuna da duwatsu. Nthati ta ce mini ta tabbata bargon a gadon wani yake ƙarewa. Na ce ta yi shiru da bakinta.

Kujerar tana ƙarƙashin 'yar rumfar ƙofa yanzu, ba ta motsi. In ana yayyafi sai ya buɗe ƙofa ya zauna yana kallo, awa biyu, awa uku, robar tana hancinsa. Ba ya tsaki.

Makon jiya, tsakiyar Yuli, bayan kwana goma sha ɗaya ana ruwa, gari ya waye garau. Dutsen ya fito tas, duk layi aka fito da katifu da barguna ana shanyawa, rediyo ko'ina. Na ga hantsi ya sauka a bakin famfonsa, ƙarfe goma da kwata daidai, kuma ba kowa a wurin. Na leƙa ta katanga na ƙwala masa kira.

"Ntate! Ga abokiyarka ta zo! Fito mana, in kawo maka kujerar?"

Na zagaya na shiga. Yana zaune a bakin gado, a gefen da take zama, ya ja labule.

Na ce, "Haba Ntate, rana fa. Irin taka, ba gajimare ko ɗaya."

Ya ce, "Na gani, Ausi. Tun asuba na gani." Ya ja numfashi, sai da ya huta sannan ya ƙarasa. "In sama ta washe haka, can inda na kai ta, ƙasa har gwiwa take daskarewa."

Na tsaya da hannu a kan labulen.

Ya ce, "Bar shi a rufe. In ruwa ya dawo ki kira ni."